Tamfon da tsoron budurwa: bayanin likitoci da hukuncin fiƙihu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wata uwa ta aiko da tambaya ta hannun malamar da ke karantar da mata a masallacinmu. 'Yarta mai shekara 14 tana makarantar kwana. Gwaggonta da ke zaune a Turai ta zo ganin gida, cikin tsarabar da ta kawo mata har da kwalin audugar nan da ake cusawa ciki lokacin al'ada, wadda ake kira tamfon. Yarinyar ta gwada sau ɗaya a ɓoye, ta ji zafi, ta tsorata, ta zare tun bai gama shiga ba. Daga ranar ba ta ƙara samun natsuwa ba. Wata uku tana ɗauke da tunanin cewa ta lalata budurcinta da hannunta, kuma ta aikata zunubin da ba ya faɗuwa. Sai da uwar ta ga ta rame ta matsa mata, sannan ta buɗe baki. Uwar kuma ba ta da amsar da za ta ba ta.

Tambayar ta wuce gida ɗaya, domin wannan auduga ta fara shigowa kantunan magani da manyan shagunan birane, 'ya'yanmu kuma suna ganinta a waya da wurin ƙawaye. Shi ya sa muka tattara abin da likitoci suka tabbatar da abin da malaman fiƙihu suka rubuta, domin iyaye mata da malamai mata da ɗalibai su samu abin komawa.

Tambaya a kan haila ba rashin kunya ba ce

Kunya tana daga cikin imani, amma kunyar da ke hana mutum sanin hukuncin tsarkinsa ba ita shari'a ta yaba ba. Uwar muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda ake wankan haila. Ya umarce ta ta ɗauki ɗan ƙyalle ko auduga mai turaren almiski ta tsarkaka da shi. Da ba ta gane ba ta sake tambaya, sai kunya ta kama shi, A'isha ta jawo ta gefe ta fayyace mata cewa gurbin jinin za ta bi da shi. A nan akwai darasi: namiji ya faɗi hukunci, mace ta ja 'yar uwarta gefe ta ƙarasa bayani.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukuncin tsarki da salla. Ahalari da muke fara karatu da shi tun muna yara yana da fasali guda a kan haila. Saboda haka ba sabuwar magana muka ɗauko ba.

Mene ne tamfon?

Auduga ce da aka matse ta zama kamar ɗan yatsa, tsawonta wajen santimita 4 zuwa 5, da zare a ƙarshenta. Ana yin ta da auduga zalla, ko da wani zare da ake samu daga itace mai suna reyon, ko a haɗa su. Ana sa ta cikin farji ta shanye jinin tun bai fito ba, in ta cika a ja zaren a fitar da ita. Bambancinta da audugar mata da aka saba, da ƙunzugun da iyayenmu suka yi amfani da shi, shi ne su a waje suke tare jinin.

Iri biyu ne. Akwai mai bututun turawa na kwali ko na roba, wanda wani likitan Amurka mai suna Earle Haas ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1933, daga baya aka fara sayar da shi da sunan Tampax. Akwai kuma wanda ake turawa da yatsa, wanda aka fara fitarwa a Jamus a 1950 da sunan o.b.

Suna da girma daban-daban gwargwadon jinin da suke iya shanyewa. A ma'aunin da ake bi a Amurka, mafi ƙanƙanta yana shan giram 6 ko ƙasa da haka, na biye da shi giram 6 zuwa 9, sai 9 zuwa 12, sai 12 zuwa 15, mafi girma 15 zuwa 18. A kwalayen da ke zuwa daga Turai ana nuna wannan da zanen ɗigon ruwa: yawan ɗigo, yawan shanyewa. Domin a gane ƙanƙantar abin, duk jinin da mace ke zubarwa a haila guda galibi bai wuce mililita 30 zuwa 40 ba, wato babban cokali biyu zuwa uku.

Tsoron zafi da tsoron ɓacewa

Mafi yawan tsoron yarinya yana zuwa ne daga rashin sanin halittar jikinta. Allah Ya yi wa mace mafita uku: ƙofar fitsari a sama, farji a tsakiya, dubura a baya. Jinin haila daga mahaifa yake saukowa ta farji. Tamfon ba ya toshe hanyar fitsari, mace tana iya kama ruwa yana jikinta.

Shin zai iya ɓacewa ya wuce cikin ciki? Ba zai iya ba. Zurfin farji wajen santimita 7 zuwa 10 ne, ƙarshensa kuma bakin mahaifa ne, wanda ƙofarsa 'yar mitsitsiya ce, jini ke iya bi ta cikinta amma auduga ba ta wucewa. Iyakar abin da kan faru shi ne zaren ya naɗe ya shige. In haka ta faru, ta wanke hannu, ta tsuguna, ta yi nishi kamar mai bayan gida, audugar za ta sauko ta kama ta da yatsa. In ta kasa, ta je wurin ungozoma ko likita a ranar, aikin 'yan mintoci ne a wurinsu. Kada kunya ta sa ta kwana da shi.

Zafi kuwa yana da dalilai sanannu. Na farko tsoro da kansa: idan mutum ya firgita, naman da ke kewaye da wurin yana ɗaurewa, ƙofa ta ƙuntata, sai turawa ta yi ciwo, ciwon kuma ya ƙara tsoro. Na biyu bushewa, idan an gwada a ranar da jini ya yi ƙaranci ko babu shi sam. Na uku kuskuren hanya, domin farji ba sama yake miƙewa tsaye ba, ya karkata ne wajen ƙashin baya. Na huɗu ɗaukar babba tun farko. Na biyar barinsa a bakin ƙofa, inda jijiyoyin ji suke da yawa. Wanda ya zauna daidai a ciki, mace ba ta jinsa. Zafin da 'yar wannan baiwar Allah ta ji a gwajinta na farko abu ne da ya saba faruwa, ba shaidar cewa wani abu ya lalace ba.

Maganar budurci

Wannan ce ta fi komai nauyi a zuciyar yarinya da iyayenta, sai a saurara da kyau.

Abin da muke kira tantanin budurci wata siririyar fata ce a bakin farji. Mutane da yawa suna zaton murfi ne da ya rufe wurin ruf. Da haka ne, da jinin haila bai samu hanyar fita ba. A jikin mafi yawan 'yan mata kamar zobe yake ko kamar jinjirin wata, da ƙofa a tsakiya, kuma bayan balaga yana yin laushi yana miƙewa. Halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace: na wata mai kauri, na wata siriri ƙwarai, wata kuma an haife ta da ɗan kaɗan. Ƙaramin tamfon yakan wuce ta wannan ƙofa a jikin mafi yawansu. Amma amana ta sa mu faɗa cewa yana iya miƙar da tantanin, wani lokaci ma ya ɗan tsaga shi, musamman idan an tura da ƙarfi ko ƙofar ta kasance ƙarama. Wanda ya ce hakan ba ya taɓa faruwa ya wuce iyakar abin da aka sani.

To mene ne matsayin wadda haka ta same ta? Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar, domin tun da can an san tantanin yana gushewa ta hanyar tsalle, ko faɗuwa, ko ƙarfin jinin haila, ko rauni. Muhtasarul Halil da sharhohinsa, a babin aure, sun bar wa wadda tantaninta ya gushe ta irin wannan tsautsayi hukuncin budurwa. A kan haka jumhurun malaman mazhabobi huɗu suke. Abin da ke fitar da mace daga hukuncin budurci shi ne saduwa da namiji. Auduga ba ta mai da budurwa bazawara, kuma ba ta taɓa mutuncinta a wurin Allah.

Likitoci sun tabbatar cewa mata da yawa ba sa zubar da jini a daren farko alhali namiji bai taɓa kusantarsu ba, kuma duba tantanin ba ya nuna ko mace ta taɓa saduwa. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi kira da a daina gwajin budurci saboda ba shi da tushe a ilimi. Shari'a kuwa ta riga kowa toshe wannan ƙofa. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora bulala 80 a kan wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Rashin ganin jini a zane ba ya cikin hujjojin da alƙali ke karɓa. Angon da ya kunyata amarya a kan haka, da dangin da suka taya shi, su ji tsoron Allah.

Duk da haka mun san garuruwan da muke zaune. Akwai gidajen da har yanzu ake jiran shaidar zane, kuma yarinya ce ke shan wahalar jahilcin wasu. Budurwar da ta zaɓi ta tsaya ga audugar waje saboda wannan, ta yi abin da hankali ke karɓa, babu mai zarginta.

Hukuncin amfani da shi

Sa auduga a wurin jini abu ne da matan sahabbai suka sani, sunanta a Larabci kursuf. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Hamnatu 'yar Jahshi ta kai kukan yawan zubar jinin istihala, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mata amfani da auduga, da ta ce jinin ya fi haka ya ce ta ɗaura ƙyalle ta tamke. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa mata sukan aiko wa A'isha da audugarsu a cikin ɗan mazubi, da alamar fatsi-fatsi a jiki, suna tambayar ko salla ta kama su, ita kuma tana hana su gaggawa har sai sun ga farar kumfa. Littattafan Malikiyya ma, da suka zo bayanin bushewar gaba, sun ce ita ce mace ta shigar da ƙyalle ya fito babu jini.

Bisa wannan, malamai da yawa na zamani suna ganin asalin tamfon halas ne matuƙar bai cutar ba. Malaman Hanafiyya sun so mace ta sa auduga a bakin farji, amma sun karhanta cusa ta can ciki, saboda haka da yawa daga masu fatawarsu a yau suna karhanta tamfon, musamman ga budurwa. Abin da muke gani shi ne: ga matar aure babu laifi. Ga budurwa audugar waje ta fi, domin fita daga saɓanin malamai da kuma kauce wa abin da muka ambata. Idan ta yi amfani da shi saboda buƙata, ba ta yi zunubi ba, babu kaffara a kanta, babu abin da za ta tuba daga gare shi.

Ga wasu rassan mas'alar da ake yawan tambaya.

Wanka: sa tamfon ko cire shi ba ya wajabta wankan janaba. Wankan da ke kanta shi ne na ɗaukewar haila.

Salla da azumi: toshe jini ba tsarki ba ne. Matuƙar haila ba ta ɗauke ba, ba ta salla, ba ta azumi, mijinta ba ya saduwa da ita, ko da tufafinta fes suke. Za ta rama azumi, ba ta rama salla. A mazhabar Malik tana iya karanta Alƙur'ani da ka lokacin da jinin ke zuba, an kuma yi rangwame ga ɗaliba da malama su taɓa Mushafi domin karatu.

Ɗawafi: tamfon ba ya halatta wa mai haila ɗawafi. Akwai fatawar Ibnu Taimiyya ga wadda ayarinta zai tashi kuma ba ta da halin jira ko dawowa, amma wannan babin larura ne, sai ta tambayi malamin da ke tare da alhazansu.

Gane tsarki: alamominsa biyu ne, bushewar gaba da farar kumfa. Tamfon yana iya ruɗar mace ta ga kamar jini ya tsaya. A kwanakin ƙarshe ta koma audugar waje, ta riƙa dubawa da farin ƙyalle mai tsabta. A mazhabar Malik, mafi tsawon hailar mai farawa kwana 15 ne. Wadda ta saba da adadi kuma, idan jini ya zarce, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, muddin jimillar ba ta haura 15 ba. Abin da ya wuce haka istihala ne.

Mai istihala: ita tana salla tana azumi. Malikiyya sun so ta sabunta alwala a kowace salla, jumhuru sun wajabta mata. Idan ta sa tamfon, ta kawar da zaren gefe lokacin fitsari, in ya jiƙe ta canza. Game da azuminta, Shafi'iyya suna ganin shigar da abu cikin farji da rana yana karya azumi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa maganin da ake cusawa ta farji da na'urar duba mahaifa ba sa karya azumi. Wadda ta yi amfani da audugar waje da rana ta huta da saɓanin.

Haɗarin da ya cancanci a ji tsoronsa

Abin mamaki, abin da 'yan mata ke tsoro ba shi ne ke kisa ba, wanda ke kisan kuma kaɗan ne suka san shi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna sitafilokokus da ke zaune a fata da hancin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan auduga mai jini ta daɗe a ciki, wani nau'in wannan ƙwaya yana iya hayayyafa ya saki guba cikin jini. Gubar tana faɗar da ƙarfin jini, ta taɓa ƙoda da hanta, tana iya kashewa cikin 'yan kwanaki. A takardar cikin kwali za a ga sunan ciwon da haruffan TSS a Turanci, ko SCT a Faransanci.

Wani likitan yara a Amurka mai suna James Todd ne ya fara bayyana ciwon da wannan suna a 1978. A 1980 ɗaruruwan mata suka kamu a ƙasar, gommai suka mutu, aka gano alaƙarsa da tamfon masu tsananin shanye jini, musamman wani mai suna Rely, wanda kamfaninsa ya janye daga kasuwa a watan Satumba na shekarar. Bayan an sauya kayan haɗi an kuma tilasta rubuta gargaɗi, ciwon ya ragu ƙwarai. A yau ƙiyasin Amurka bai wuce mace 1 zuwa 3 cikin 100,000 a shekara ba, sai dai ya fi kama matasa, domin jikinsu bai gama gina garkuwa daga gubar ba.

Alamominsa: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, amai, gudawa, ciwon jiki, jiri ko suma in an miƙe, jan ido, da jan fata kamar ƙuna, wanda ba ya saurin bayyana a baƙar fata. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, kuma a nan haɗarin yake a ƙasashenmu. Sai a sayo magani a shago a ba yarinya, ana jiran sauƙi, guba tana aiki. Saboda haka ƙa'ida ita ce: duk wadda zazzaɓi ya kama tana sanye da tamfon, ko jim kaɗan bayan ta cire, ta fitar da shi nan take, a kai ta asibiti, ta faɗa wa likita da bakinta cewa tana amfani da shi. Wannan kalma guda tana iya zama sanadin tsira. Yarinyar da ke amfani da shi a ɓoye ba za ta faɗa ba, uwar da ba ta sani ba kuma ba za ta tuna ba. Ɓoyewar ta fi audugar haɗari.

Ƙa'idojin amfani ga wadda ta zaɓa

Ta fara da sanin mahaifiyarta ko wata babba da ta amince da ita, ta karanta takardar cikin kwali. Ta ɗauki mafi ƙanƙanta, a ranar da jini ke zuba sosai, a lokacin da ba ta gaggawa. Ta wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Ta tsuguna ko ta ɗora ƙafa ɗaya a kan wani abu, ta saki jiki, ta tura a hankali wajen ƙashin baya, ta bar zaren a waje. In ta ji turjiya ko zafi ta dakata, babu dole, wani watan yana nan.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce a canza shi duk awa 4 zuwa 8, kada ya haura 8. Hukumomin lafiya na Faransa sun fi tsanantawa, sun ce kada ya wuce awa 6, kuma kada a kwana da shi. Bin mafi tsanani ya fi aminci. Kada a sa biyu a lokaci guda. Kada a sa shi kafin jini ya zo, ko domin farin ruwa. A tabbata an cire na ƙarshe in haila ta ƙare, domin mantuwa da shi tana kawo wari da ciwo. Idan ledarsa ta yage ko damshi ya taɓa shi, a yar. Bayan an cire a naɗe shi a takarda a jefa a shara ko a ƙone, kada a zuba a masai mai ruwa, yana toshe bututu.

A duba yanayi kuma. Mai tafiyar mota daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar yini guda, ba ta da tabbacin wurin canzawa da ruwan wanke hannu, audugar waje ta fi mata. Haka ɗalibar da makarantarsu ke fama da ƙarancin ruwa. Ƙunzugu mai tsabta da aka wanke da sabulu aka shanya a rana ya bushe sarai ya fi tamfon da aka sa da hannu mai datti.

Waɗanda bai dace da su ba, da lokacin ganin likita

Wadda ciwon gubar nan ya taɓa kamawa kada ta sake amfani da shi. Mai jinin biƙi ta nisance shi har wajen mako shida, sai likita ya duba ta, haka wadda ta yi ɓari ko aka yi wa aiki a wurin. Mai ƙaiƙayi ko ruwa mai wari ta nemi magani tukuna.

A kai yarinya asibiti idan ta gwada sau da yawa cikin natsuwa ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi fita, domin akwai masu tantanin da ƙofarsa ta yi ƙanƙanta ainun ko wani zaren nama ya raba ta biyu. A kai ta idan tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko jini ya wuce kwana 7, ko ciwon mara yana hana ta zuwa makaranta, ko ta kai shekara 15 ba ta fara haila ba. Akwai 'yan kaɗan da aka haifa da tantani rufaffe gaba ɗaya: yarinya ta balaga, mara na ciwo duk wata, jini bai fito ba. Ƙaramin aiki ne a asibiti. Kada a kai ta wurin wanzami a ce za a cire angurya ko a yi yankan gishiri. Yankan gishiri yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, kuma dokar Nijar ta haramta kaciyar mata tun 2003.

Nasiha ga iyaye da 'ya'ya

Ya ke uwa, yawancin 'yan mata suna fara haila tsakanin shekara 10 zuwa 15. Ki riga jinin isa wurin 'yarki. Ki gaya mata abin da zai zo, da hukuncinsa, da abin da za ta sa, tun kafin ta ji a bakin ƙawa. Kada ki tsoratar da ita da maganar cewa daga yau namiji ya taɓa hannunta ta yi ciki, domin ranar da ta gane ba gaskiya ba ne za ta daina kawo miki tambaya. In kin ga tamfon a akwatinta, kada ki fara da zargi. Ki zauna ki tambaye ta abin da ta sani, ki gyara mata.

Ya kai uba, kuɗin audugar 'yarka yana cikin ciyarwar da Allah Ya ɗora maka, kamar abinci da sutura. Ka bayar ta hannun mahaifiyarta duk wata ba sai an roƙa ba.

Ke kuma 'yata, lokacin da haila ta zo wa A'isha a hanyar Hajji ta zauna tana kuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrashe ta, ya sanar da ita cewa abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata. Tsoron da kika ji ba aibi ba ne. Babu wanda ya wajabta miki tamfon, miliyoyin mata sun rayu sun tsufa ba su taɓa shi ba. In kin taɓa gwadawa, budurcinki yana nan a hukuncin shari'a, mutuncinki yana nan, kuma babu zunubi a kanki. Abin da muke roƙonki shi ne kada ki sake ɗaukar irin wannan damuwa ke kaɗai har wata uku.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su lafiya da kamun kai, Ya fahimtar da mu addininsa. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.